Gwaggo Luyen da Tudun Yashi

Injin neman ƙarfe ya sake kuka, Gwaggo Luyen ta tsaya cak. Ta ajiye shi, ta kwanta rubda ciki a kan yashi, ta zaro tsinken gora ta shiga tsira shi cikin yashin a hankali ta gefe. Sai da ta kwashe minti ashirin kafin ta fito da abin, ashe murfin kwalba ne. Ta jefa shi a kwando ta ci gaba.

Shekara uku ke nan tana wannan fama a tudun yashin da ke bayan ƙauyenmu, dab da teku. A nan mijinta Thoan ya taka nakiya bayan an gama yaƙi, yana dashen itatuwan tare iska, kuma abin da aka tsinto na jikinsa kaɗan ne. Duk mun san neman me take yi: ko agogonsa, ko kan bel ɗinsa, wani abu dai da za ta haɗa masa a kabari. Tsofaffi sun yi ta gunaguni cewa mai neman mamaci da turaren tsinke da jan ƙyalle yake zuwa, ita kuwa ko ashana ba ta ɗauka. Ko a jikinta. Yaro ya kuskura ya hau tudun, ranar sai ya ji zagin da bai taɓa ji ba.

Injin nata abin dariya ne. Agwaginta ta sayar ta saye shi a kasuwar Dong Ha, wurin masu tonon baƙin ƙarfe: bututun roba, zoben waya, batir a jakar kafaɗa. Ƙusa ya gani kuka, allura kuka, ba ya bambanta komai da komai.

Na Khiem, ɗan ƙanin mijinta, shi ne inji. Ɗan waje ne mai allo, yana shiga ruwan gishiri, yana gaya maka zinariya ce ko tagulla tun ba ka sunkuya ba. Kamar duk masu wannan sana'a, Khiem ya saita shi ya yi shiru a kan ƙananan ƙarafa, don kada ya ɓata yini yana tonon ƙusa. Da shi yake samo maɓallan sojoji da kwanson harsashi da zoben masu wanka, ya sayar wa baƙi masu yawon buɗe ido.

Sai ƙauye ya yanke shawarar baje tudun a kafa rumfunan baƙi da filin wasan yara. Masu kwance bam suka ce ba za su iso gare mu ba sai bayan damina. Mai gari, Kawu Thiep, ba mutumin jira ba ne. Ya sa Khiem ya bi tudun kwana biyu, Khiem ya dawo ya ce tas yake. Aka sa Litinin.

Litinin da safe katafila ta iso, ta tarar da tsohuwa 'yar shekara saba'in tsaye a gabanta da bututun roba a hannu.

"Gwaggo, don girman kakanni ki kauce," in ji Khiem. "Babu inda ban bi ba. Injina ya sayi naki sau ashirin."

"Injinka mai zaɓen abinci ne, abin da ka ce ya ji shi yake ji," ta ce. "Nawa ba shi da girman kai."

Kawu Thiep ya fara da lallashi, ya koma barazana, ya ce zai sa a ɗauke ta cak kamar buhun shinkafa. Ta ce su zo, amma duk mai zuwa ya tabbata sawunta yake takawa. Mutum biyu suka yunƙura, suka dubi fuskarta, suka fasa. Ta nuna wata kusurwa da ba ta fi tabarma huɗu ba, ta ce nan kaɗai ya rage mata, kuma sai dai katafilar ta bi ta kanta. Direba ya kashe mota ya kunna sigari. Ni kaina haushinta na ji, ba zan ɓoye ba.

Rana ta take, tana jan zoben wayar yana shafar yashi, taku ɗaya sai ta bi shi sau biyar. Can injin ya yi wani ɗan kuka siriri. Ta yafuto Khiem, ya bi sawunta yana tsaki, ya miƙa nasa a wurin. Shiru. Har ya fara dariya ta ce ya kashe wannan saitin nasa. Ya kashe. Injin ya yi ƙara.

Ta kore shi baya, ta kwanta, ta ɗauki tsinkenta. Da yashin ya zame, sai ga gefen wani abu na roba, kore, bai fi gwangwanin kifi ba. Irin nakiyar nan ce da ƙarfen cikinta bai wuce bakin allura ba. Mutane suka watse, Kawu Thiep yana kiran masu kwance bam a waya.

Ta sauko ta zauna a inuwar katafila, ta cire batirin daga jaka, ta ce direba ya shiga da zarar an ɗauke wannan, don ita ce ta bakwai kuma babu saura.

Khiem ya durƙusa gabanta. "Gwaggo, wa ya gaya miki bakwai ne?"

Ta dube shi ido cikin ido, ba ta sassauta murya ba, kowa ya ji.

"Ni na binne su lokacin yaƙi, Khiem, har da wadda baffanka ya taka."