Kamun Hagu daga Ƙetaren Kogi

Ganga na tashi a filin Gaya, kumandan mai mulkin gari na zaune a rumfa, Hamidu ya shiga karawar ƙarshe ta kokowar yara.

Ubansa Kabo, tsohon ɗan kokowa, sai bugun ƙirji yake. "Ban taɓa koya masa komai ba! Kokowa a jini take. Masu horo su yi ta wahalar da 'ya'yansu." Shi nasa ɗan ba ya komai sai raka uwarsa Hajjo tallan kifi a Malanbil, ƙetaren kogi, kowace safiya.

Hamidu ya sunkuya, ya saƙalo ƙafa da hannun hagu, ya murɗa kafaɗa. Abokin karawarsa ya sha ƙasa.

Fili ya kaure da ihu, amma Kabo ya yi turus. Ya san wannan kamun. Mutum ɗaya ke yin sa: Yakuba na Malanbil, wanda ya kayar da shi har kunya ta raba shi da kokowa.

Ya waiga. Hajjo ta katse guɗarta.

"Tun yaushe, Hajjo?"

"Shekara uku yana koyo wurin Yakuba, maigida. Ai ina filin ranar da dogaro da jini kaɗai ya kai ka ƙasa."