Wurin Zaman Emilia

Bayan an tashi daga coci, Silvanus ya ɗora faifai a garmaho, a ɗakinsa na kwatas ɗin reluwe. Afiniki na zaune a bakin gado, ko ɗankwali ba ta cire ba. Yanzun nan ya tambaye ta ko za ta aure shi, ba ta amsa ba tukuna.

Waƙar Turawa ce mai tafiya a hankali. Jita ta fara ita kaɗai, sarewa ta biyo ta, can ogan irin na coci ya taso ya cika ɗakin. Afiniki ta san waƙar. Shekarun baya takan laɓe a bayan taga ta saurara, lokacin da yayarta Emilia ce ke zama a nan, kafin ta auri wani malami su koma Kwoi. Tun lokacin take son wurin zaman nan.

Da sarewar ta dawo, Silvanus ya lumshe ido yana murmushi.

"Buroda Silvanus, wa kake gani?"

Ya buɗe ido da sauri. "Ke mana."

"Ni ai ga ni zaune. Ba sai ka rufe ido ba."

Ya miƙa hannu zai ɗage allurar garmahon, ta riƙe masa hannun riga.

"Ba zan aure ka ba," ta ce a hankali. "Amma bar waƙar. Ni ma ina kewar Emilia."

Ganguna suka shigo, mawaƙin ya ɗaga murya. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna kallon bango, kowa da Emilia tasa.