Injin Kunun Emilia

Litinin ce, cikin Afrilun 1992. Zafi tun da safe. Hadari ya haɗu ta wajen Kagoro, bai zubar ba.

Zamani na tsugune gaban murhu a tsakar gidansa da ke Kafanchan. Tsohon makanikin reluwe ne, shekara talatin yana gyaran kan jirgi. A bisa tukunya ya kafa ƙarfe mai ƙafa uku, ya ɗora masa injin waifa, mai share gilashi, na tsohuwar mota. A ƙasan injin ya ɗaure muciya, ya ja waya biyu zuwa batir.

Mako uku yana haɗa abin. A da, aikin kwana biyu ne a wurinsa. Walda ma, shi da ya koya wa rabin masu waldar garin, kaiwa ya yi aka yi masa.

Matarsa Emilia na kwance a ɗaki. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke. Kunun acha kaɗai take iya haɗiya, shi ma sai mai laushi. Gudaji ɗaya ya isa ya shaƙe ta. Shi ke dama mata safe da yamma.

Ƙaninta Jude ya aiko daga Kagarko cewa ranar Laraba zai zo da mota. In ya ga Zamani ya kasa, zai tafi da ita. Zamani ya san gidan. Mutum goma sha ɗaya, kowa gona tun asuba. Za su ajiye mata kwano a gefen gado su fita.

Ya haɗa waya. Muciya ta juya, tukunya ta bi ta, ruwan ya kife a wuta.

Kubra, maƙwabciyarsa mai waina, ta leƙo ta kan katanga.

"Baban Hellen, wannan wahala ta mece ce? Hannu ɗaya ya zuba gari, ɗaya ya juya, shi ke nan kunu. Ko lalaci ne ya zo da tsufa?"

"Je ki duba wainarki."

"Dubi shi, hannu a aljihu kamar Bature ya zo duba layin dogo. Ga doguwar riga cikin wannan zafi."

Ya ɗauke tukunyar daga murhu.

Ranar Talata ya danne tukunyar da bulo da ƙarfe. Ta tsaya. Amma injin ya cika gudu, garin ya dunƙule. Ya tace, ya kai ɗaki. Gudaji ɗaya ya tsere masa. A cokali na huɗu Emilia ta shaƙe. Idanunta suka firfito, bakinta a buɗe, babu numfashi. Ya tura ta gefe da kafaɗa, ya dinga bugun bayanta har abin ya faɗo. Ya daɗe zaune a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Ya koma tsakar gida. Ya sa sarƙar keke ya rage gudun. Ya cire muciya ya ɗaura maburgi. Tukunya uku ya zubar kafin la'asar. Ta huɗu ya tace, bai ga komai a rariya ba.

Jude ya iso Laraba da hantsi. Yana shiga ɗaki ya toshe hanci.

"Yaya, wane wari ne wannan? Ta yi gyambo ne?"

"Duba."

Jude ya juya yayarsa, ya duba bayanta da ƙugunta. Fata lafiya lau, zanin gado wankakke. Ya fito yana ta waige-waige, sai ya ga injin. Ya yi dariya har ya dafa bango.

"In ka gaji ka faɗa mana kawai. Yanzu sista ta zama kan jirgi, sai da batir?"

Zamani ya haɗa waya. Maburgi ya kama juyawa a hankali. Ya dinga barbaɗa gari da hagu, kaɗan-kaɗan. Kunu ya yi kauri, sumul. Ya kai ɗaki, ya ba ta. Jude na tsaye a ƙofa yana kallon maƙogwaronta, har kwanon ya ƙare.

"Ta sha ko ba ta sha ba?" in ji Zamani.

"Ta sha."

"To."

Jude ya ce, "Sai Kirsimeti zan dawo. In na ga ta rame, babu wata magana." Ya miƙo hannu su yi sallama. Zamani ya riga ya sunkuya yana cire wayar batir. Motar ta tafi babu ita.

Da yamma ya kira Kubra ta katanga.

"Zan yi tafiya. Kwana goma, ko sha biyu. Ki riƙe min ita."

"Ina za ka, kai da ko coci ba ka daɗewa?"

"Ba nisa. Kada Jude ya ji."

"Ni fa ban iya wannan injin naka ba."

"Ki dama yadda kika saba. Injin nawa ne, sai na dawo."

Ya rufe shi da buhu saboda ruwa. Ya shiga ɗaki ya zauna bakin gado. Emilia ta kafe shi da ido, hawaye na bin gefen fuskarta mai rai. Ya goge mata.

"Na ce zan iya," in ji shi. "Kin gani."

Washegari da safe ya ba ta kunu, ya miƙa wa Kubra makulli, ya taka zuwa asibiti. Likita ya kwance tsumman da ke ƙarƙashin rigar, ya ga yadda hannun ya ruɓe, ya kawar da kai, ya turo takarda. Zamani ya dangwala babban yatsan hagu, ya ba da izini a yanke masa hannun dama daga gwiwa.