Fuskar Sojan Bangon Bellandi

Kwana tara Furera ta yi a kan tsani a gidan abincin Bellandi da ke Alexandria ta ƙasar Amurka, tana goge maiƙon shekara sittin daga zanen bango. Gyaran tsofaffin zane ne sana'arta, kuma wannan ne babban aikinta na farko tun barinta Sakkwato.

Ettore, tsohon sojan Italiya da ya kafa gidan, shi ya yi zanen da ya iso Amurka bayan yaƙin Habasha. Ga shi nan a zanen kwance cikin ƙaya, an kama shi, wani baƙin soja na ɓangaren Ingila ya durƙusa yana ba shi ruwa. Har Ettore ya mutu bai cika magana a kan mutumin ba.

Abin da ke ci wa jikarsa Irene rai shi ne fuskar sojan. Layuka ne a kumatunsa, bakwai a hagu, shida a dama. Duk dangin sun tashi da labarin wani mai ƙin baƙaƙen fata ne ya sa wuƙa ya yi wa zanen wannan ɓarnar. Irene ta rantse sai an shafe su kafin bikin cika shekara sittin na gidan a 2009, kada mugun ya ci nasara.

Furera ta haska fitila, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Ta rufe akwatin fenti, ta ce ba za ta taɓa wurin ba.

Irene ba ta saba jin a'a a gidan kakanta ba, nan da nan ta tara dangi. Wani kawunta da bai taɓa riƙe buroshi ba ya ce lalaci ne kawai. Aka ce za a kawo wani, kuma za su tabbatar ba mai sake ba ta aiki a garin. Furera ta ji tsoro ƙwarai, amma taurin kanta ya fi tsoron.

"Ku kore ni," in ji ta, ta dubi Irene. "Amma ki hau ki shafa tukuna."

Irene ta hau tsanin a fusace, ta sa yatsa. Bangon sumul yake. Wuƙa ba ta taɓa shi ba, fenti ne, an ja kowane layi a natse.

Da ta sauko, Furera ta ciro hoto daga jakarta ta miƙa mata. Mahaifin Furera ne a ƙofar gidansu a Sabon Birni, yana murmushi da tsagensa na Gobirawa, bakwai a hagu, shida a dama.