Gungun da Za a Harba Bayan Rigachikun

Malam Ɗahiru ya shekara ashirin da biyu yana jan tasi a Kaduna, kuma yakan bugi ƙirji a tasha cewa ba a haifi fasinjan da zai kaɗa masa hanji ba. Wata Talata bayan azahar ya daina faɗin haka.

A Abakpa ya ɗauke ta, mace mai gilashi da jaka a cinya. Ta ce shatar motar take so, ita kaɗai, zuwa wata cibiya bayan Rigachikun. Ta tambaya ko yana da cajar waya, ya ce babu. Da ya hango cunkoson Kawo sai ya karya ta wata hanyar bayan gari bai ce mata uffan ba, don shi ba ya shawara da fasinja a kan hanya. Gidaje suka fara ƙarewa. Motar ta faɗa rami, addar gonarsa ta zame daga ƙarƙashin kujera ta yi baya. Ya ji ƙararta, bai kula ba.

Nan ne matar ta kai waya kunne.

"Lawan, Bara'atu ce. Ina cikin wata tsohuwar tasi mai fasasshen madubi, direban dattijo ne da tabo a kunci. Kun zuƙe iskar ɗakin duka? Kada a bar musu ko kaɗan."

Malam Ɗahiru ya shafa kuncinsa.

"Gungun ya kai ɗari biyu? A ƙara musu sanyi sai sun manne da juna. Ina isowa za mu sako su ta 'yar kafar nan mu harbe su. Harbi ɗaya ya isa ya raba su da abin da ke jikinsu."

Gumi ya jiƙa masa hula. Ya lura ko amsa ba ta jira, irin shugabannin da ba a katse musu magana. Ya saci kallonta ta madubi, ya ga ta zare ido tana cije leɓe. Fushi ke nan. Ya soma karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

"Ƙanana za su riga isa bango, manya su biyo baya. A ƙirga kowa."

Har da yara! Ya yi tunanin ya tsaya ya ruga, amma an riga an ba da kamanninsa. Ya tuna 'ya'yansa bakwai a Badarawa, da masarar da bai kai ga girbewa ba. Ya taka mota. Yana ƙara gudu, tana ƙara ɗaga murya.

Suna isa ƙofar cibiyar ya fito ya durƙusa a ƙasa.

"Hajiya, wallahi kunnena ɗaya ba ya ji, ɗayan ma sai an yi ihu. Ban san gungu ba, ban san ɗaki ba."

Wani mutum mai farar rigar aiki ya fito, shi ne Dakta Lawan. Da ya gane inda maganar ta dosa sai da ya dafa bango don dariya. Ya ja Malam Ɗahiru zuwa tagar ɗakin gwaji, ya nuna masa wata tukunyar ƙarfe mai bututu ko'ina.

"Baba, ga ɗakin. Famfo ke zuƙe iskar ciki. Gungun kuwa ƙwayoyin zarra ne na wata iska, ido ba ya ganinsu, sanyi ke haɗa su. Da hasken leza muke harbinsu, ya fizge musu ƙwayar lantarki, su tashi zuwa wancan farantin da ke bangon ciki. Marasa nauyi ke fara isa, da haka muke sanin girman kowanne."

Malam Ɗahiru ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya gyara hula. Ya ce shi tun farko ya ji maganar ta yi kama da ta ilimi.

Lawan ya juya wajen abokiyar aikinsa, wadda har yanzu take jingine da mota. "Amma Dakta, da wa kika yi wannan maganar? Tun ɗazu muke kiranki, wayarki a kashe."

"Wayar ta mutu tun Abakpa," in ji Bara'atu. "Mutum ya bar titi ya nufi daji da ni, ga adda a kan ƙafata, yana ta motsa baki. In ban nuna masa ana jirana ba, me zan yi?"