Layin Tokar da Ba a Taka Ba

Ƙanena, tun da ka shigo kake maganar alƙalin wasan jiya, har shayinka ya huce. Ban ce ka yi ƙarya ba, ni ban ma ga wasan ba. Amma ajiye wayar nan in ba ka wani misali.

A wani gari an yi wani dattijo mai zana layin filin ƙwallo. Ba wanda ya sa shi, shi ya ɗora wa kansa tun yana saurayi, bayan ciwon gwiwa ya hana shi bugawa. Yakan bi wurin masu tuyar ƙosai ya tara toka, ya tankaɗe ta, ya zuba a gwangwanin da ya huhhuda wa gindi. Sai ya kafa turaku, ya ja igiya, ya bi ta a sunkuye yana kaɗa gwangwanin, daga baya ya yayyafa ruwa don tokar ta kama ƙasa. A zamanin da yake yawan tunawa, layin nan ba ya kwana biyu. 'Yan wasan garin, da tela da mahauci da malamin firamare, kowa ya tashi daga sana'arsa bayan la'asar sai fili, su yi ta gudu har kiran magariba, ƙafafunsu su shafe masa aiki tas. Ya yi ta faɗa, wai sun ƙarar da tokar garin, su kuma su yi dariya su ce, "Baba, ai don ka sami abin yi ne." Amma a 'yan shekarun nan, sai ya zana layi ya yi mako uku fari fes, ba sawun kowa a kansa sai na awaki. Bai taɓa gaya wa kowa ba, amma ba abin da yake marmari kamar ya fito da safe ya tarar an ɓata masa aiki.

Ana nan sai aka zo wasan da in ƙungiyar garin ta faɗi za a cire ta daga gasar yankin, kuma an riga an sanar cewa in wasa ya mutu, filin za a yanka a yi rumfunan kasuwa. Aka ci su ɗaya mai ban haushi. Ana dab da tashi aka kwashe ƙafar ɗan wasansu a bakin raga, alƙali ya ce a wajen layi ne, ya hana fenariti. Gari ya ɗauka. A teburin mai shayi wani ya rantse sayen alƙalin aka yi, wani ya ce a kai shi asibitin ido. Mutum ɗaya ya ce yaran ma ai ba sa gudu, aka yi masa ca har ya ja bakinsa. Daga nan suka ɗauki dattijon zuwa gaban kwamitin gasa, don yana tsugune daidai wurin lokacin da abin ya faru, kuma ba wanda ya kai shi sanin layin. Ya faɗi abin da ya gani: taku biyu cikin layi yaron ya faɗi. Gaskiya ce kuwa, alƙalin ya yi kuskure. Kwamiti ya ce a sake wasa bayan mako biyu, da wani alƙalin.

Washegari dattijon ya tara toka har buhu biyu, don ya ɗauka yanzu kullum za a shafe masa layi kamar dā. Ya zana filin, ya yi la'asar, ya zauna a gindin darbejiya da gwangwaninsa a gefe. Ba wanda ya zo. 'Yan wasa da magoya bayansu suna teburin mai shayi, ana ta maimaita yadda aka kunyata alƙali, kowace rana labarin yana ƙara tsawo. A rana ta biyar mutum uku suka zo da sababbin riguna, suka ɗauki hoto a bakin raga, suka tafi. Duk ƙarar babur da ya ji sai dattijon ya ɗaga kai. Sai ana gobe wasa 'yan wasan suka cika filin, suka yi gudun mako biyu a yammaci ɗaya, har biyu daga cikinsu suka koma gida suna ɗingishi. Ranar wasa sabon alƙalin bai busa usur ɗaya a karkace ba. Tun kafin hutun rabin lokaci yaran garin suka riƙe ƙugu suna haki, aka zura musu uku. Ran nan an sha shayi shiru, don babu sunan da za a kira.

Bayan wata guda masu awon rumfuna suka zo da igiyarsu. Suka ce sun ji yana da toka tankaɗaɗɗiya, ko zai taimaka musu su shata iyakar kowace rumfa. Ya shiga gida ya ɗauko musu buhun nan na biyu, wanda ko bakinsa bai kwance ba.

To ƙanena, mai yiwuwa ne alƙalinku ya yi kuskure, kamar yadda na farkon nan ya yi. Amma kafin ka ƙara ɓata ranka a kansa, ka bi ta filin da yaranku suke atisaye da yamma, ka dubi layin. Hausawa dai sun riga sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.