Wata Huɗu a Wankin Tumbi

Ranar farko da wata ɗalibar jami'a ta tsoma hannu a bahon tumbi, sai da ta zagaya bayan katanga ta amayar da karin kumallonta. Malaminta ne ya kafe cewa ba a sanin mutane daga nesa, sai ka zauna cikinsu, ka yi aikinsu, kada ma su san karatu ya kawo ka. Sau biyu ana dawo mata da kundin digirinta. In na uku ya faɗi, shekara biyar ta tafi a banza.

Don haka ta ɗaura tsohon zane ta shiga mahauta, cikin mata masu wankin kayan ciki. Ƙudaje, jini, kashin shanu har ƙarƙashin farce. Ƙarnin ya bi ta gida, ya kama matashin kanta. Matan kuwa ba mai sakar mata fuska. In ta yi tambaya, sai su bi ta da "uhm".

Gwaggo kaɗai ta kula ta, wata dattijuwa da ke zama can ƙarshen layi, ita ma ba mai shiga harkarta.

"'Yata, me ya kawo ki wannan ƙazanta?"

Ɗalibar ta zuba ƙaryar da ta haddace: miji ya gudu, yara uku, uwa kwance ba lafiya. Har hawaye ta matso. Ranar ta ji ƙyamar kanta fiye da ta tumbin.

Gwaggo ma ta buɗe mata ciki. Shekara talatin tana sana'ar, a wurin kakarta ta gada. Labari tsaf, ba gyara, daidai abin da kundi ke so. Wankinta dai ba na kirki ba ne, masu saye kan dawo da nata, amma ɗalibar ta ɗora laifin kan tsufa. Su biyun kuma suka fi kowa zaryar banɗaki, wurin da ko akuya ba za ta leƙa ba. Can ɗalibar ke toshe hanci ta rubuta abin da ta ji kafin ya shige mata. Gwaggo kuwa ta ce ciwon suga ne.

Wata huɗu ta jure. Ta fito da babi uku, kowanne a bakin Gwaggo ya dogara.

Malamin ya karanta yana yamutsa fuska, sannan ya jawo wata sabuwar mujalla daga aljihun tebur.

"An riga ki. Mahautar nan dai wata farfesa ta zauna, ba wanda ya gane ta. Ita ta dace da samun mace ta gaske. Karanta ki ga aiki."

Ɗalibar ta karanta. Wata matashiya ce, miji ya gudu, yara uku, uwa kwance, tana faɗa tana kuka. A ƙasan shafin ga hoton marubuciyar, Gwaggo ce sanye da tabarau.